Zaren Bahaguwa

Ni bahaguwa ce, haka Allah ya yi ni, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Innata ce ta ji kunyar, ta ji tata ta ji tawa, har ta ƙoshi.

Zamanin da nake ba ku labari ba a ga Nasara a ƙasarmu ba tukuna. Dakoro kuwa ba gari ba ce, rijiya ce mai zurfi da ƴan gidajen kara kewaye da ita, sai Fulani da Buzaye masu kawo dabbobi shan ruwa. Babanmu ya taso daga gulbin Maraɗi saboda gonar gado ta yi wa ƴan'uwa kaɗan, ya zo nan ya sari daji. Inna ta biyo shi da ni a goye, amma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa wannan wuri ba. Ƙasar da abduga ba ta yi, in ji ta, ƙasar awaki ce. Duk kaka ƴan'uwanta sukan aiko mata da abduga a kan jakai daga kudu. Ta zauna ta gurje ta, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, ta yi sutu fari ƙal ta jera a taskira. In ta ɗauki mazari ta shafa alli a yatsu, mata sukan jingine taɓare su zo kallo. Zarenta ba ya kumbura nan ya rame can. Masaƙin garinmu, wani dattijo abokin Baba, yakan ce ranar da ya samu zaren Inna har waƙa yake yi a bakin aiki.

A gidan su Inna akwai wata al'ada da suka gada kaka da kakanni. Mace ba ta jira a saya mata likkafani. Tun da ƙarfinta take kaɗa zaren tsaye da hannunta, siriri, mai murɗi sosai, ta ajiye. Abawa kuwa, wato zaren kwance mai taushi wanda masaƙi ke jefawa da ƙoshiya, ɗiyarta ce ke kaɗa mata. Uwa tsaye, ɗiya kwance, a haɗa a saƙa, a naɗe a rufe a tukunya sai ranar da Allah ya yi. Inna ta yi wa kakata abawa, kakata ta yi wa tata uwar. Ni ce ɗiyar fari, kuma ni kaɗai ce mace, maza uku ne suka biyo bayana. Abawar Inna dai tawa ce, ba wani a duniya da ke da ita sai ni, kuma tun ban san hagu da dama ba na san wannan.

Da yake ni ce ta fari, Inna ba ta kama sunana, ba ta yaba ni, ba ta yi mini wasa gaban mutane. "Ke" ce ni, ko "waccan". Wannan ban riƙe ta da shi ba, kowace uwa haka take da ɗan fari. Mai wasa da ni Gwaggo ce, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Gwaggo baki ja da goro, ba ta tsoron kowa, ita kaɗai ke iya ce wa Inna "ke, yi mana shiru" a zauna lafiya.

Ina cikin famfarar haƙori Inna ta miƙo mini ɗan ƙaramin mazari mai jan gululu, dunƙulen yumɓun da ke gindinsa. Na sa hannu na karɓa da hagu. Kafin in ankara na ji tas a bayan hannu.

"Da wane hannu?"

Na sauya. Ta ɗora mini sutu a hagu, ta nuna mini yadda ake murza mazari da yatsun dama. Na murza, ya yi tangaɗi ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Da ta juya ta duba tukunya na mayar da shi hagu, na ba shi murza ɗaya, sai ga shi yana juyi tsaye cak yana ƴar ƙara. Wayyo, daɗin da na ji! Daɗin bai daɗe ba, don Inna da ƙeya ma gani take.

Daga ranar aka shiga tanƙwara icce tun yana ɗanye. Ta ɗaure mini hagu da tsumma a baya in za ni cin tuwo. Ta hana ni karɓar ko tsinke da shi. Na koyi ci da dama, na koyi miƙa abu da dama, na koyi shara da dama, duk na bi. Mazari ne ya ƙi. Zaren da nake yi da dama kamar hanjin kaza, ƙulli nan, tsinkewa can. Inna ta ɗaga shi sama ta duba ta yi tsaki, ta warware ta mayar mini.

"Inna, ki bar ni da hagu mana, kin ga da shi yana yi."

"Hagu hannun kama ruwa ne," ta ce, tana duban bango, ba ni ba. "Da me zan tsaya gaban Ubangiji? Da zaren hannun da ake kama ruwa da shi?"

Gwaggo tana gefe tana tauna goro ta ce, "To ke sutun da wane hannu kike riƙewa, da ƙafa?" Inna ta miƙe. In magana ta fi ƙarfinta haka take yi, ta ɗauki tsintsiya ta kama share wurin da aka riga aka share.

Gwaggon ce ta riƙa ba ni sutu daga nata. In Inna ta tafi rijiya da hantsi, kun san layin rijiyarmu, sai shanun Fulani sun gama sha, ni kuma sai in zaga bayan rumbu in zauna in yi ta kaɗi da hannun da Allah ya ba ni. Ba wanda ya koya mini, idona dai ya sha kallon Inna, abin da take yi ta nan ni sai in yi ta can. Kafin in zama budurwa na cika mazari da zare wanda ni kaina in na dube shi sai in ji kaina ya yi girma. Girman kan ne ya sa na ɗauke shi na cusa cikin taskirar Inna, tsakanin nata, na koma gefe ina tsince wake kamar ban san komai ba.

Ta zo ta zauna, ta sa hannu ta ɗauko shi. Ta ja zaren, ta ɗaga shi ga rana, ta ja da ƙarfi bai tsinke ba. Wallahi na ga fuskarta ta saki, na gani da idona, ba wanda zai ce mini ban gani ba. Sannan ta murza shi tsakanin yatsu kamar yadda ta saba, sai ya warware. Mazarin da aka murza da hagu baya yake juyawa, murɗin zaren ma baya yake tafiya, ta inda nata ke ɗaurewa ta nan nawa ke kwancewa. Ta kira Baba ta miƙa masa, ta ce ai ya ce gugansa ya yage, ga abin ɗinki.

Guga! Zaren da na yi wata da watanni a kansa, a ɗinke fatar jan ruwa da shi. Na miƙe waken ya zube, na ce, "Inna, wanga zaren ya fi na kowa a garin nan in ban da naki, kin kuma sani."

Ta ce, "Na rantse da Allah, zaren hagu ba zai shiga kabari da ni ba."

Gwaggo ta tofar da goro. "Ke, mayar da maganarki! Ana rantsuwa a kan ɗiya?"

Ba ta mayar ba. Inna ba ta taɓa mayar da magana ba a rayuwarta, ko da kuwa ta ce rana daga yamma take fitowa. Baba ya ɗinke gugansa, bawan Allah, bai san abin da ke ciki ba. Gugan nan ya yi rani guda ana jan sa da bijimi, fatar ta sake yagewa ta wani wuri, ɗinkin yana nan daram. Kullum na je rijiya sai na duba shi.

Da lokaci ya yi na yi aure can garin Ɗan Gulbi, na auri wani manomi mai sanyin hali wanda ba ruwansa da hannun da aka tuƙa tuwo in dai ya tuƙu. A ɗakina na baje kolina. Na kaɗa siriri, na kaɗa abawa, a tsakar gida, rana tsaka, kowa na gani. Da farko matan gidan dariya suke yi, suna kiran juna a zo a ga mazari na gudu baya. Ba a jima ba dariyar ta koma roƙo, wannan ta ce in kaɗa mata na zanen goyo, waccan ta ce na rigar mijinta. Masaƙan wajen suka sa masa suna, zaren bahaguwa, in an kai musu sai su ware shi daban. Har masaƙin garinmu ya aiko a kawo masa ya gani. Ba yabon kai ba, amma in ana maganar kaɗi daga Ɗan Gulbi har Tagris, bayan an ambaci Inna ni ake ambata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da ɗan ta wata hanya yake gudun.

In na zo ganin gida nakan kawo mata man shanu, daddawa, kwandon gyaɗa. Duk ta karɓa ta sa albarka ta bakin Gwaggo. Zare kuwa ban sake kawowa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sau ɗaya na zo da zanen da aka saƙa da zarena aka rine shi baƙi. Na duƙa ina hura wuta, sai na ji ana taɓa bakin zanen ta baya, a hankali, ana murzawa. Ban juya ba. Na yi ta hura wutar da ta riga ta kama har hayaƙi ya sa ni hawaye.

Bayan rasuwar Baba ne labari ya iske ni cewa Inna ta ba matar ƙanena sutu, ta ce ta kaɗa mata abawar likkafani. Ina cikin daka aka gaya mini. Na bar hatsin a turmi, kaji suka ci rabonsu, na hau jaki. Na iske ta gindin aduwar tsakar gida tana gurzar abduga. Ban ko gama gaisuwa ba.

"Inna, na mutu ne?"

Ta ci gaba da gurza.

"Ina tambaya, mutuwa na yi ba a gaya mini ba? Kina da ɗiya a duniya, mai ido biyu da yatsu goma, ki ɗauki abawarki ki ba ɗiyar wasu?"

"Ita da dama take yi," ta ce wa magurjin abdugarta, ba ni ba.

"Hannun nan da kike ƙi, a cikinki aka halicce shi. Ban saye shi a kasuwa ba, ban are shi wajen Buzaye ba. In da laifi, tare muka yi."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Na rantse."

Na juya ko ruwa ban sha ba. A hanya na yi kuka har jakin ya tsaya yana waiwaye. Ba wai don ta ƙi zare ba, zare na da masu so. Abin da ya ci mini rai, za a naɗe uwata a sa ta a ƙasa, kowace mace a danginmu ta tafi da hannun ɗiyarta a jikinta, ita kaɗai za ta tafi da na bare, kamar ba ta haifa ba. Damina biyu ban taka gidan ba. Na ce in ita dutse ce, ni ma daga jikin dutsen aka ɓalle ni.

Gwaggo ce ta zo mini da ƙarshen labarin abawar, tana dariya har tana riƙe ciki. Wai yarinyar ta kaɗa ta kawo, Inna ta ɗaga ta duba, ta ce ko jaki ya mutu ba a naɗe shi da wannan, ta yayyanka ta yi lagwanin fitila. Matar ƙanena kuwa ta ce alhamdu lillahi, ita dama noma ta iya. Na yi dariya, amma ban je ba.

Abin da ya kai ni aike ne: Inna ta faɗi bakin rumbu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na iske ta kwance, baki ya karkace, hannun nan da mata ke barin daka su zo kallo yana ajiye gefenta kamar ba nata ba. Na ɗauke shi na riƙe, sanyi ƙalau. Duk faɗan da na tanada a hanya ya bi ruwa. Na aika wa mijina cewa ya yi haƙuri, ya ci tuwon ƙanwarsa har abin da Allah ya yi.

Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, don ta ce gara yunwa da ta ci da hagu. Ni ma da dama nake ba ta, kada a ce. Sannu a hankali magana ta dawo mata, da nauyi, amma kaifin na nan. Da hantsi nakan fito da ita in shimfiɗa mata tabarma gindin aduwa in jingina ta. Ni kuma in zauna gabanta, daidai inda idonta ke sauka, in ɗauko taskirarta da allinta, in kama kaɗin abawa da hagu. Ban ce ta wane ce ba, ba wanda ya tambaya. Har kajin gidan sun sani.

Kwanakin farko kau da kai take yi ta dubi danga. Amma danga ba ta da abin kallo, mai kaɗi kuwa ba ta iya jin ƙarar mazari ta ƙi dubawa. Na riƙa ganin idonta yana bin hannuna, sama, ƙasa, sama. Wata rana ina cikin ja sai na ji ta ce, kamar da iska take,

"Allin ya yi yawa."

Saura kaɗan mazarin ya kuɓuce mini. Tunda nake, Inna ba ta taɓa gyara mini zaren hagu ba, ƙin sa take yi ɗungum, ba a gyara abin da aka ƙi. Na goge yatsu a zane na ci gaba. Washegari ta ce sutun bai shiɓu ba.

"Ya shiɓu," na ce.

"Bai shiɓu ba."

Na duba, bai shiɓu ba. Na ɗauko baka na sake. Daga nan kuma ba ni da sakat, kin ja da yawa, kin saki, abawa ba a murɗe ta kamar igiyar raƙumi, ke wa ya koya miki? Na ce wata mata ce mai faɗa a Dakoro. Gwaggo ta ƙyalƙyace, Inna ta ce a kore mata kazar nan. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na kwanakin nan ba, har na fara ce wa raina an wuce wurin.

Sai wata safiya na kawo mata kunu ta rufe baki gam. Na ce ko zafi ne, na fifita, ta ƙi. Da rana na dama fura, ta kau da kai. Na lallashe ta, na roƙa, a banza. Da magariba matar ƙanena ta dawo daga gona ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa mata ludayi, sai ga Inna tana sha kamar wadda ta dawo daga tafiyar hamada, ta shanye tas. Na tsaya ina kallo, zuciyata na tafasa. Washegari haka, yini guda ta ƙi hannuna, magariba na yi ta karɓa daga na matar ƙanena. Na ce to, an koma gidan jiya ke nan, da zare ne, yanzu har fura.

Rana ta uku da azahar na kai mata ludayi bakinta ta matse leɓe, sai na yi jifa da shi.

"Inna, me na yi miki? Da dama nake ba ki, ga shi, duba! Na bar ɗakina, na bar ƴaƴana, ina kwashe kashinki da fitsarinki ban taɓa yamutsa fuska ba. In hannuna ne ba ki so, ki faɗa, in koma inda ake so."

Ta rufe ido. Na shiga ɗaki na ƙulle kayana a zane, na fito. Gwaggo na zaune a bakin ƙofar gida ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Ina zuwa?"

"Gida."

"Zamna nan. Ke dai duk basirar taki a yatsu ta tsaya, kai fanko. Mutum ya ƙi ci tun safe, rana na faɗuwa ya ci, a garinku me ake kiran wannan?"

Na tsaya da ƙunshi a ka.

"Azumi take yi, sakarya," Gwaggo ta ce, ta rage murya. "Ni ke ba ta fura da asuba. Ta aike ni wajen liman in tambayo yadda ake warware rantsuwa. Ya ce ta ciyar da mabukata goma. Ta ce wa zai daka, wa zai tuƙa, ai waccan ce, za ta gane. Ya ce in ba hali sai azumi uku a jere, amma mara lafiya kamarta ta bari sai ta ji sauƙi. Na dawo na gaya mata, ta ce ba shi ya rantse ba. Yau ne na ƙarshe. In kika nuna mata kin sani, ni da ke ne."

Na zauna nan ƙasa kusa da Gwaggo. Tsohuwa mai rabin jiki, cikin zafin bazara, ta yini uku ba ruwa, don dai kada ta buɗe baki ta ce wa ɗiyar fari na janye. Na ji tausayinta, na ji haushinta, na kuma ji wani alfahari ya cika mini ƙirji, na ce kai, wannan mata ita ta haife ni, ba shakka. Gwaggo ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce in share majina in koma, kada a ga ido ja.

Na mayar da ƙunshi ɗaki. Na tsinci ludayin na wanke. Na dawo gindin aduwa na ɗauki mazari na ci gaba, can sai Inna ta ce na saki zaren da yawa. Da aka kira magariba matar ƙanena ta zo da ƙwarya ta durƙusa. Inna ta ce, "Miƙa wa waccan." Na karɓa. Na kai mata ludayi da dama, furar ta zuba mata a wuya.

"Dubi," ta ce wa Gwaggo, "damar ma ba ta iya ba."

Da abawa ta cika Inna ta sa aka kira masaƙi. Ya tsufa ƙwarai lokacin, da sanda ya zo, ya zauna bakin tabarma suka gaisa doguwar gaisuwa ta tsofaffi. Ta sa Gwaggo ta buɗe tukunyar da ke ƙuryar ɗaki, aka fito da zaren tsayen da ta kaɗa tun ina goye, fari kamar jiya aka yi shi.

"Ga na tsaye," ta ce masa. "Na kwance yana wajen waccan."

Na kawo na ajiye gabansa. Ya ɗauki zare ɗaya ya murza, ya gane nan take, don ya san zarena. Ya dubi Inna, ya dubi Gwaggo. Garin duk an san rantsuwar nan.

"Amma ai kin..."

"Na biya," in ji Inna. "Kai dai ka saƙa. Ka kuma buga shi da kyau, ban son aikin gaggawa."

Ya ci gaba da jan abawar a hankali yana kai ta kusa da ido, kamu bayan kamu, yana neman inda ta yi kauri ko ta rame. Ya daɗe yana nema. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Wallahi tunda nake saƙa ban jefa abawa mai kyan wannan ba. Yarinyar nan ta iya."

Inna ta yi tsaki da ɓarin bakin da ke motsi.

"Wa kake gaya wa? Ni na haife ta."

Ina tsaye bayanta, ba ta waiwayo ba, ni ma ban matsa ba. Gwaggo ce ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba.

Ta ga ƙyallen da idonta kafin ta tafi. Aka shimfiɗa mata a cinya ta bi shi da tafin hagu daga wannan baki zuwa wancan, ta sa aka naɗe aka rufe a tukunya. Bayan an gama yankan gero Allah ya karɓi abinsa. Ni na zuba ruwa, Gwaggo da wata tsohuwa suka yi wankan, muka naɗe ta mu uku. Da maza suka ɗauke ta na bi su har bakin ƙofa, inda mata ke tsayawa. Kuka na yi shi, ba zan ɓoye ba, amma kaina a sama na yi shi. Ƙyallen ya ishe ta daga kai har ƙafa, ba a ƙara da na kowa ba.